Bobuwar Tsibirin Kanya

Jatau bai yi lakkwal ba, wato makarantar boko, bai kuma taɓa riƙe alƙalami ba sai dai in zai miƙa wa mai shi, amma an ce sunansa yana cikin wani littafi a ƙasar Faransa, a ƙarƙashin hoton ƙuda. Mutanen Kore Mairuwa da suka riske shi da tsufansa sun san shi da aiki ɗaya, wato kayar da shanu a wurin allura. Dogo ne, siriri, mai ƙarancin magana, kuma ba a taɓa jin ya ɗauko zancen littafin nan da bakinsa ba. In wani ya ɗauko, sai ya tuna yana da uzuri a wani wuri.

An haife shi a wata ruga arewa da Sukukutane, a tsakiyar shanu. Ba a ƙirga wa Bafillace dukiya, saboda haka ba zan ce ubansa na da kaza ba, amma in garken ya sauka rijiya, mata sukan ajiye tulunansu su koma gida, sai la'asar su dawo. Abin da Allah ya ba Jatau tun yana ƙarami shi ne ido. Ba na hangen nesa ba, wannan kowa a daji yana da shi. Nasa na rarrabewa ne. A jera masa maruƙa ashirin jajaye, sai ya gaya maka uwar kowanne da kakarsa, har da wadda aka gado wajen karkatar ƙaho. Haka yake da ciyawa, haka yake da kaska, haka yake da duk wani abu mai cizon saniya. Tsofaffi sukan ce yaron nan zai tara dukiya, don mai irin wannan ido ba a sayar masa da saniya mai ciwo.

Bai tara ba. Shekara huɗu kafin Nasara su miƙa mulki, annobar shanu da ake ce wa bushiya ta faɗa wa garken, cikin wata guda ta share shi tas. Uban bai daɗe ba ya bi shanunsa. Jatau ya ɗauki sandarsa, ya sa matarsa Ajuma da 'ya'yansu mata biyu, Kaltume da ƙanwarta, a gaba, ya gangaro kudu ya kafa bukka a bayan garin Kore Mairuwa, yana kiwon awakin mutane ana ba shi hatsi. Wanda bai san Fulani ba zai ce to madalla, ya samu abin yi. Shi dai Jatau ya daina zuwa suna da biki, don kada a zo zancen shanu yana zaune.

Shekara biyar yana wannan zama, sai ga Yero, abokin kiwonsa na ƙuruciya, ya tako tun daga Sukukutane da ƙafa, yana jaye da karsana baƙa mai farin goshi. Sunanta Wule. Ya ɗaure ta a gindin bukkar, ya ce habbanaye ce.

Ga wanda bai sani ba, habbanaye ita ce yadda Fulani ke tayar da ɗan'uwansu in ya faɗi. Mai shanu ya ba ka karsana ka riƙe har ta haihu sau uku. 'Ya'yan naka ne, uwar kuma ka mayar masa. Ba takarda, ba shaida, ba jingina. In ta mutu a hannunka ba a biyan ko ƙwandala, ba a ma tambayar ka yadda aka yi, don an ɗauka cewa ba mai hankalin da zai yi wasa da ita. Saniyar habbanaye ita ke fara shan ruwa, ita ke fara lasar kanwa, ba a ɗaga mata sanda. Mutum ya bar tasa a rana ya sa ta a inuwa. Jatau ya riƙe Wule fiye da haka ma. Ajuma takan ce in da ana sa wa saniya gidan sauro, da ita da yara sun kwana a fili.

Shekarar da ta biyo, gwamnati ta fito da allurar bushiya, ana bin rijiyoyi da mashaya ana tsira wa shanu ana yanka musu kunne. Mai allurar yankin wani Ba'are ne daga gidan likitan dabbobi na Dogon Dutsi, sunansa Illo, gajere mai tumbi da surutu, wanda ya yi lakkwal har Yamai. Yana neman wanda zai iya kayar da bajimi ba tare da ya karya shi ba, aka nuna masa Jatau. Tun ranar farko Illo ya dube shi sama da ƙasa ya ce, “Alhamdu lillahi, yau Allah ya ba ni bawa.” Jatau ya ce, “Ba'are, in ka gama cika baki, zo ka riƙe mini wutsiya.” Haka ake yi tsakanin Arawa da Fulani, taubasai ne tun kaka da kakanni. Taubashi ya zage ka a tsakiyar kasuwa, ya tona maka asiri, ya ƙara da ƙarya, ba ka da ikon yin fushi. In ka yi, kai ne abin dariya. Sun yi shekara guda suna aiki tare a kan haka, kuma suna son juna, kada wani ya ce ba su so.

Da damina ta uku bayan samun mulkin kai, Illo ya zo Kore Mairuwa da baƙo, wani Nasara masanin ƙwari, mai jan wuya da gajeren wando. Sunansa ya gagari bakin kowa, sai aka sa masa Mai Raga, saboda ragar da yake yawo da ita a bakin sanda. Aikinsa shi ne ya san kowane irin ƙuda mai cizon dabba a fadamar, ya soke shi da siririyar allura, ya jera a akwati mai warin kafur, ya liƙa masa 'yar takarda mai sunan wuri da rana da wanda ya kama. Mutane suka ce lalle mulkin kai ya zo da sauƙi, tunda har Nasara sun koma farautar ƙuda.

Wata rana Mai Raga ya zube kamun yini a kan farin ƙyalle, duk bobuwa ce, babban ƙudan nan da ke sa saniya ta tsinke igiya in ya kafa mata baki. Ya buɗe littafinsa ya ɗauko gilashin ƙara girma zai fara rarrabewa. Jatau yana tsugune a gefe. Ya ɗauki tsinke, ba wanda ya sa shi, ya shiga tura su ɗaya bayan ɗaya, kafin Nasaran ya gama goge gilashi ya yi kashi biyar. Mai Raga ya bi kashin nan da littafi har kusan awa guda, bai samu ko ɗaya da ta ɓata gida ba. Ya cire hula ya sosa kai, ya sa Illo ya tambaye shi yadda ya yi.

Jatau ya ce, “Yadda aka gane saniya. Ka dubi ido, ka dubi ciki, ka dubi tsayuwa. Amma gaya mai biyar ɗin ga ba su ke nan ba. Akwai ta shida, ba ta cikin nan.”

Washegari ya kawo kwalin ashana, a ciki bobuwa uku busassu da ya tsinta a jikin shanu masu shan ruwa a bakin babban tabkin da ke kudu da gari. A tsakiyar tabkin nan akwai tudu da ruwa ke kewayewa duk damina, ana ce masa Tsibirin Kanya, saboda wata tsohuwar kanya da ke kansa. Ciyawarsa har ƙirji, amma ba mai kai dabba can. Arawa suna cewa gidan aljana Doguwa ne, ba ta son kofato. Fulani ba su musa ba, sai dai sun lura cewa duk saniyar da ta yi kiwo a can da damina, kafin a gama girbi ta rame ta mutu da sammore, ciwon da cizon ƙuda ke kawowa. Jatau ya ce daga can wannan bobuwa take, iska ce kawai kan jefo ɗaya ko biyu bakin gaɓa. Ya ce sauran bobuwa idonsu zane uku ne koraye, ita kuwa zane ɗaya gare ta, ja wur, kuma ba ta kuka in ta zo, sai dai ka ga jini.

Mai Raga ya sa gilashi ya daɗe yana dubawa. Idanun uku duk baƙaƙe ne, ba zane ba alama. Ya yi bayani Illo yana juyawa: launin idon bobuwa yana mutuwa ne tare da ita, yini ɗaya ko biyu ya dushe. Waɗannan sun daɗe, tururuwa ma ta taɓa su. In ba idon, ba abin da ya raba su da wata da ke cikin littafi tun zamanin kakansa. Ba ya ƙaryata kowa, amma a sana'arsu gani ya kori ji. In ana so a ce sabuwa ce, sai ya ga masu rai, kamar ashirin, ya tabbata duk haka suke. Kuma saura masa kwana biyar ya koma Yamai.

Suka shiga ruwa su uku har wuya, suka yini a tsibirin da raga. Sauro ya yi walima da su, bobuwa ko ɗaya ba ta zo ba. Jatau ya ce ai ba ta cin mutum, sai saniya. Mai Raga ya ce a nemo saniya ko ta haya ce. Aka bi gari da rugage, ko jaki ba wanda ya yarda ya bayar. Nan fa Illo ya samu abin da yake so. A gaban masallaci, a bakin rijiya, a rumfar mahauta, duk inda ya ga mutum uku sai ya tsaya.

“Jama'a, ku zo ku ga Bahillacen da shanu sunka ƙare mai, ya koma kiwon ƙuda! Har ya san uwar kowane. Yanzu kuma ya ce akwai wadda ba kowa ka ganin ta ba sai shi. Ku gaida Arɗon Ƙuda!”

Jatau yakan yi murmushi ya ce, “Ba'are, in ka ji makaho ya ce a yi wasan jifa, ya taka dutse.” Aka yi ta dariya, sunan kuma ya bi shi. Amma maganar ta shige shi fiye da yadda Illo ya nufa. An raba shi da shanu, an raba shi da uba, an raba shi da ƙasarsu, abu ɗaya da ya rage masa wanda ba na aro ba shi ne idon nan. Yanzu ga shi ana cewa idon ma ƙarya yake yi. Kuma ba shi da damar ya nuna ya ji zafi, tunda daga bakin taubashi ta fito.

Ranar kasuwa, ana gobe Mai Raga zai tafi, Jatau ya jira gari ya watse zuwa cin kasuwa, ya kwance Wule. Lokacin tana ɗauke da cikinta na fari, wata biyar. Ajuma tana daka, ta ajiye taɓarya.

“Baban Kaltume, ina za ka da ita?”

Ya sunkuya yana gyara igiyar. Ta dubi kwalaben Mai Raga da ya rataya a wuya, ta gane.

“Ba taka ba ce fa.”

“Yini ɗaya ne. Ba kiwo za ta yi ba, tsayuwa ce kawai.”

“Ciki gare ta. In kai ka manta, ni ban manta ba wanda ya tako kwana huɗu ya kawo ta.”

Ya ce, “Kahin la'asar mun dawo.” Ya ja igiya, Wule ta bi shi, don ba ta taɓa ƙin bin sa ba.

Ya zaga ta bayan tabki inda ciyawa ta yi duhu, suka ƙetare, shi yana tafiya ruwa na kai masa haɓa, ita tana iyo a gefensa. Ya ɗaure ta a gindin kanyar ya tsaya. Sai da rana ta take tsaka suka fara zuwa, shiru, ba kuka, suna sauka a ƙarƙashin cikinta da cinyoyinta. Ga zanen nan ɗaya, ja wur, yana sheƙi a rana yadda ya faɗa. Abin da ya fi masa wuya shi ne wannan: tun yana ɗan shekara biyar hannunsa ya saba, in ƙuda ya sauka a kan saniya sai ya kai masa mari. Yau dole ya riƙe hannun, ya bar ta ta kafa baki ta nutsu, sannan ya kifa mata kwalba, don in ba ta kafa ba tashi take yi. Yana kama ɗaya, biyar suna sha. Wule tana karkaɗa fata, tana buga ƙafa, tana juyo da kai tana duban sa, jini yana gangarowa siri-siri. Ya ji kunyar dabbar nan kamar kunyar surukarsa. Da ya kai goma ya ce bari ya tafi, sai ya tuna Nasaran ya ce ashirin. Ya tsaya har ya cika ashirin da shida.

Da suka dawo ya wanke ta da toka, ya shafa mata man shanu a wuraren cizon, ya yi mata hayaƙi, sannan ya ɗauki kwalaben ya nufi masaukin baƙi. Mai Raga ya ɗaga ta fari a hasken rana, ya yi wata ƙara da Faransanci, ya ruga ya ɗauko fenti da siririn buroshi, ya zauna nan take yana zana idon kafin ya dushe. Ya duba ashirin da shidan nan ɗaya bayan ɗaya. Ya ƙirga jijiyoyin fiffike, ya auna gashin baki, ya juya ciki, ya buɗe littafi ya rufe, ya buɗe wani. Can ya miƙe ya kama hannun Jatau da hannu biyu yana girgizawa. Illo ya juya maganar, wannan karon ba ƙari: ba ta cikin littafi, kuma bai san wanda ya taɓa rubuta ta ba.

Illo ya ce, “To, bawana, na sara maka. Amma da mi ka kama su, tunda ba su cin mutum?”

Jatau ya ce, “Da haƙuri.”

Illo ya bushe da dariya ya bar zancen. Bayan shekara biyu takarda ta iso Dogon Dutsi, an tabbatar sabuwa ce, an sa mata wani dogon suna na Latin wanda ko Illo sai ya tsaya ya numfasa a tsakiyarsa, a ƙasa kuma an rubuta wurin da aka kama ta da sunan wanda ya kama. Wannan ke nan game da ƙuda.

Wule kuwa ta yi sati biyu lafiya lau, har Jatau ya fara cewa a ransa an tsallake. A sati na uku gashinta ya tashi, idonta ya soma zubar da ruwa, ta riƙa tsayawa a inuwa tana barin ciyawa. Mai ido irin nasa ba ya bukatar a gaya masa. Ajuma ta ce ya je wurin Illo, ai kowa ya san akwai allurar sammore a akwatinsa, kuma tana ci in an yi da wuri.

A nan ne Jatau ya yi wautar da ta fi ta farko. Ya zauna ya lissafa: sammore ba ta kama saniyar da ke kwana a bayan gari, sai wadda ta je kurmi can kudu ko ta hau tsibirin. Illo yana ganin ta zai gane da me aka kama ƙudan. Bakin Illo kuwa ba ƙofa gare shi ba. Kafin kasuwa biyu, daga Tibiri har Sukukutane za a ji cewa Arɗon Ƙuda ya yi tarko da saniyar habbanaye, kuma Yero zai ji a bakin baƙi ana dariya. Gara ya warkar da ita a ɓoye, in ta tashi shi ke nan, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Ya shiga daji ya haƙo saiwoyi, ya jiƙa da jar kanwa yana ɗura mata. Ya yi mata lalas a wuya da kafaɗa. Ya sayar da rigarsa ta salla ya sayo dusa. Duk ranar kasuwa yana tare da Illo suna kayar da shanun mutane, akwatin maganin yana ajiye a gabansa, Illo yana tsokanar sa yana ramawa, bai ce uffan ba game da Wule.

Ajuma ta ce, “Baban Kaltume, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kunyarka za ta kashe dabbar mutane.”

Ya ce, “Ta fara cin dusa jiya.”

“Ta lasa dai.”

Ana cikin yankan gero Wule ta zubar da cikin. Ɗan maraƙi ne namiji, har ya yi gashi, da farin goshi irin na uwar. Ajuma ba ta ƙara shawara da kowa ba, ta yafa zane ta tafi kasuwa ta samu Illo a bainar jama'a, ta ce ya zo gida akwai magana. Illo ya zo yana shirin zolaya, ya zagaya bayan bukka ya ga saniyar a kwance, ƙashin haƙarƙari a waje. Ya buɗe mata ido, ya taɓa wuya, ya duba tabon cizon da ke cikinta. Ya daɗe a tsugune. Tun da suka san juna, ranar ce ta farko da ya kira shi da sunansa.

“Jatau, tun yaushe?”

“Wata ɗaya da kwana goma.”

“Kana ganina kowace kasuwa?”

Jatau ya sunkuyar da kai. Illo ya yi mata allurar, amma ya ce kada a sa rai, jininta ya riga ya ƙare. Da zai tafi ya tsaya ya ce, “Wasa wasa ne, ɗan'uwana. Wanga ko da wuƙa a wuya ba ni hwaɗa ma kowa. Da ka zo mini tun satin farko, da yanzu tana tsaye.” Kuma bai faɗa ba har ya mutu, wannan shaida ce da za a yi wa Illo.

Kwana shida bayan haka Wule ta kasa ɗaga kai. Ajuma ta kira maƙwabcinsu Issa ya yanka ta don kada ta tafi mushe. Jatau ya bar gidan sai da aka gama, kuma bai ci naman ba. Ya shanya fatar, da ta bushe ya naɗe ta, ya ɗaure da igiyar da Yero ya kawo ta da ita, ya saɓa a kafaɗa ya kama hanyar arewa. Kwana huɗu ya yi, ya ratsa Dogon Dutsi bai tsaya ba.

Ya iske Yero a bakin rijiya yana shayarwa. Yero ya dubi fatar, ya ga farin goshin, ya ce, “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wanda ya ba mu shi ya karɓa. Sannu da hanya, ɗan'uwa.” Bai ƙara ko kalma ɗaya a kai ba. Ya kai shi ruga, matarsa Binta ta kawo nono, aka yi ta hirar damina da tsadar kanwa da waɗanda suka rasu. Jatau yana jira a tambaye shi, ba a tambaya ba, don ba a tambaya.

Da safe ya fito zai yi sallama, sai ya tarar da karsana ɗaure a turke a ƙofar bukkar da ya kwana, baƙa, 'yar shekara biyu. Kallo ɗaya ya yi mata ya san ƙanwar Wule ce, uwa ɗaya. Yero yana tsaye a gefenta.

“Ba ka komawa hannu wofi,” in ji Yero. “Waccan ba ta bar maka komi ba, ba a ƙirga ta. Ja wannan.”

Ba abin da ya rage sai ya miƙa hannu. Illo ba zai faɗa ba, Ajuma ba za ta faɗa ba, Nasara ya tafi ƙasarsu bai ma san an yi ba. Shekara bakwai ke nan rabon Jatau da abin da zai kira nasa, ga shi kuma an sake buɗe masa ƙofa. Ya dubi karsanar, ya so ta har cikin ransa. Sai ya tsuguna a gaban Yero ya ajiye sanda.

“Yero, ba ka tambaye ni ba, amma sai na hwaɗa maka. Ba ciwon Allah da annabi ya same ta haka kawai ba. Ni na kai ta.”

Ya faɗi duka, bai rage ba: Nasaran, da dariyar kasuwa, da tsibirin, da yadda ya tsaya yana kallo ana shan jininta, da kwana arba'in da ya yi yana ɓoyo alhali magani na gabansa. Yero yana saurare yana shafa bayan karsanar. Da Jatau ya gama, sai Yero ya tambaye shi.

“Ƙudan, an same shi?”

“An same shi.”

“Yadda ka ce yake?”

“Yadda na ce.”

Yero ya gyaɗa kai. “Ai na sani. Idonka bai taɓa ƙarya ba, tun muna yara.” Ya nuna can gefen garke da haɓa, inda wani tsohon takarkari ke tsaye, ƙashi da fata, haƙora sun zube. “Ka ga wancan? Shekara biyu ina neman wanda zan ba shi sadaka. Da ka aiko mini, da na kawo maka shi da kaina, ka ɗaure shi can ƙuda su cinye shi har ƙaho.”

Bai ɗaga murya ba, bai ɓata fuska ba. Ya sunkuya ya kwance igiyar daga wuyan karsanar, ya ɗan buga mata gindi da tafin hannu, ta ruga ta shige cikin garke. Ya naɗe igiyar a hannunsa a hankali.

“Binta ta dama maka fura,” ya ce. “Sha kahin rana ta yi zahi, hanyarka da nisa.”

Jatau ya sha. Yero ya raka shi har bayan ruga kamar yadda ake raka baƙo, ya ce a gaida Ajuma da yara. Sun rayu fiye da shekara ashirin bayan wannan, kuma in sun haɗu a kasuwar Dogon Dutsi sukan tsaya su gaisa cikakkiyar gaisuwa, a tambayi iyali, a tambayi gajiya, a tambayi ruwa. Yero bai sake ce masa ina labarin dabbobi ba, shi kuma bai sake samun bakin tambayar na Yero ba.